Rasuwar Gwaggo, Mai Auna Ƙishirwar Zuciya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta dubi mutane, nake sanar da ma'aikatan sashen masu jinya mai tsanani, da sauran 'yan'uwa da abokan arziki na wannan asibiti, rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, na'urar da ke bakin gado na uku, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. An tabbatar da rasuwarta ranar Litinin da hantsi, a kan kanta ta biyu ta ɗakin ajiya, bayan jinyar kwana goma sha biyu. A duk kwanakin nan mutum ɗaya ne kawai ya san ba ta da lafiya, shi ma gara a ce bai sani ba. Ta riga mu gidan gaskiya tana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki. Ni ne likitan sashen, ni na fi kowa cin moriyarta, don haka nauyin wannan sanarwa a wuyana yake.

Marigayiya ta zo mana a cikin kwali, a nannaɗe da leda, a makon da ni ma na kama aiki a sashen. Mai gyaran na'urorinmu, dattijon nan da muke kira Kawu, shi ya buɗe kwalin, shi ya haɗa ta, shi ya fara kunna ta. Shi ne kuma ya raɗa mata suna, don ba a yi awa ɗaya da kunna ta ba ta fara ƙorafi. Idan komai lafiya, muryarta a hankali take fita, tit, tit, tit, har mutum ya manta tana ɗakin. Idan kuwa wani abu bai kwanta mata ba, sai ka ji kirrr-kit-kit, kirrr-kit-kit, kuma ba za ta yi shiru ba sai an zo an duba. Kawu ya saurara, ya ce wannan ai halin gwaggonsa ne sak, sunan kuwa ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Ga waɗanda ba su san ta ba sai daga nesa, ga aikinta. Majinyatanmu yawanci ba sa magana, injin numfashi ne ke hura musu iska ta bututu. Idan jinin ɗayansu ya sauka, tambaya ɗaya ce ke tsayawa a gaban likita: a ƙara masa ruwa ta jijiya, ko a riƙe hannu? Wani zuciyarsa ƙishirwa take ji, da ka rataya masa leda ɗaya sai ka ga ta farfaɗo. Wani kuwa jikinsa ya riga ya cika, duk abin da ka ƙara masa huhu zai wuce ya kwanta. A ido kamarsu ɗaya, duka a kwance, duka ido a rufe. Kafin zuwan Gwaggo sai dai mu taɓa ƙafa, mu matsa farce, mu leƙa jakar fitsari, mu yi canki-canka, wani lokaci a dace, wani lokaci a yi ɓarna.

Ita kuwa da siririn bututun da ake sawa a jijiyar wuyan hannu take aiki. Duk sanda injin ya hura iska, ƙirji yakan matse jinin da ke komawa zuciya. Idan jiki a bushe yake, ƙarfin bugun zai riƙa hawa da sauka tare da kowane numfashi. Idan a ƙoshe yake, da ƙyar zai motsa. Wannan hawa da sauka take aunawa, ta ba ka lamba ɗaya a kusurwar allonta. Lambar ta haura goma sha uku, rataya ruwa. Ta yi ƙasa sosai, mayar da ledar inda ka ɗauko ta.

Amma babban halinta na kirki, wanda ni aka hana ni, shi ne ta san inda saninta ya tsaya. Idan zuciyar majinyaci tana tsallake bugu, ko shi da kansa yana kokawa da injin yana jan numfashi, lambar takan kumbura banza. Gwaggo ba ta ɓoye wannan. Sai ta ɗora alamar tambaya ruwan ɗorawa a gefen lambar, ta saki kukanta, wato kada ka yarda da ni a nan. A irin wannan hali abin yi sananne ne, ni da kaina na koyar da shi sau ba adadi. A kwantar da kan gado, a ɗaga ƙafafun majinyaci, jinin ƙafafun ya gangaro zuwa zuciya, a tsaya minti ɗaya a ga ko abin da zuciyar ke turawa ya ƙaru. Idan ya ƙaru, ruwa zai yi amfani. Idan bai ƙaru ba, a sauke ƙafa, ba a cuci kowa ba. Duka aikin bai fi minti biyu ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, injin numfashi na gado na uku, wanda suka yi zaman shekara goma sha ɗaya kafaɗa da kafaɗa, shi yana huci ita tana lissafa hucin. Ta bar 'ya'ya biyu, famfunan ƙarin ruwa, waɗanda ba su taɓa ɗiga ko ɗigo ba sai da shawararta, ban da rana ɗaya. Ta bar wayoyi bakwai, shida nata na cikinta, ɗaya 'yar riƙo da Kawu ya ciro daga wata na'urar da ta mutu tuntuni. Ta bar sandar da take tsayuwa a kai, mai taya huɗu, ɗaya na ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ta bar babbar ma'aikaciyar jinya, Sista Babba, wadda ke goge mata allo kowace safiya kafin ta ajiye jakarta. Ta bar Kawu, wanda ya san cikinta fiye da yadda ya san aljihunsa. Ta kuma bar ni, ko da yake ban cancanci a sa ni cikin magada ba.

Sanarwa irin wannan takan ce an rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, a wuce wurin. Ni ba zan wuce ba, domin ciwon Gwaggo ba daga jikinta ya fara ba.

Wata Laraba ce da rana tsaka. A gado na uku akwai wani tela, magidanci, da aka yi wa aiki a ciki, ciwon ya so ya fi ƙarfinsa amma ya fara samun sauƙi. Mun riga mun shirya nan da kwana biyu za mu zare masa bututu ya ci gaba da numfashi da kansa. Matarsa tana kan bencin da ke bakin ƙofa, inda take wuni kullum. A ranar ne wasu likitoci huɗu daga wani asibiti suka zo ganin yadda muke aiki, don suna son su samu irin Gwaggo. Na sa sabuwar farar riga, na tsaya a gabansu kamar ni na ƙera ta.

Muna tsaye jinin telan ya ɗan sauka. Na waiga, lamba ta nuna goma sha tara. Daɗi ya kama ni, ga darasi ya kawo kansa. Na juya ga baƙi na ce su duba da kyau, wannan bawan Allah a bushe yake, ba sai mun yi canke ba, na'ura ta gama magana. Ban rufe baki ba na ji kirrr-kit-kit. Na duba, ga alamar tambaya ruwan ɗorawa a gefen lambar. Na ɗaga ido zuwa layin sama, ga zuciyar telan tana tsallake bugu, ɗaya ya zo da wuri, ɗaya ya makara. Na gani. Ina so a rubuta wannan a inda ba zai goge ba: na gani da idona, na kuma san ma'anarsa.

Sai dai na riga na yi magana a gaban mutane, ni kuwa duk wanda ya yi aiki da ni ya san gara a cire mini haƙori da in ce na yi kuskure. Na miƙa yatsa na danna maɓallin da ke sa ta shiru. Bayan minti biyu ta sake kuka, na sake dannawa. Sista Babba tana bayan labule a gado na ɗaya tana canza wa wani bandeji, ta ɗaga murya ta ce, "Likita, me Gwaggo ke cewa?"

Na ce, "Tsufa ne ke damunta, Sista."

Baƙi suka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, da Gwaggo ta sake kuka sai na danna a karo na uku.

Na rataya leda ta farko, jini ko gezau. Mai hankali a nan zai tsaya ya ɗaga ƙafafun mutumin nan na minti ɗaya. Ni sai na ce wa baƙi ƙishirwar ce ta yi yawa, na rataya ta biyu, na bi ta da ta uku. Baƙi suka yi godiya suka tafi, ba su san alamar ba balle su tambaya. Bayan tafiyarsu na ƙara ta huɗu, don tsayawa a lokacin daidai yake da amsa laifin ukun farko. Kafin la'asar kumfa mai ja-ja ta fara tasowa a bututun telan, injin numfashi ya shiga ihu. Huhun mutumin ya cika da ruwan da na zuba masa da hannuna.

Mun ceto shi, amma da ƙyar. Wanda saura kwana biyu a zare masa bututu ya ƙara kwana goma sha tara a kan inji, sai da aka huda masa maƙogwaro. Yanzu yana ɗakin masu samun sauƙi, idan zai yi magana sai ya toshe ramin da ɗan yatsa. Kowace safiya matarsa takan tare ni a hanya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, kai ka dawo mana da shi." Ni kuma ba kunya ba tsoron Allah in ce amin.

Washegarin abin aka kawo mini takardar da ake cikewa idan an samu matsala. Akwai layin da ake rubuta musabbabi. Na riƙe biro na ɗan lokaci, sannan na rubuta cewa na'ura ta ba da lambar ƙarya ba tare da gargaɗi ba. A raina na ce ƙarfe ne, ba ta da iyali, ba ta da suna da zai ɓaci, a kai ta gyara a dawo da ita, magana ta mutu. Abin da ban tuna ba, ko na ƙi tunawa, shi ne ɗan koren tambarin da ke manne a gefenta. Kwana takwas kafin ranar Kawu ya duba ta, ya manna tambarin, ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau. Da na shafa wa Gwaggo kashin kaji, a jikinsa ya sauka.

Aka dakatar da shi. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki ba a taɓa kiransa ofis don faɗa ba, saura masa wata goma sha huɗu ya ajiye aiki da mutuncinsa. Idan kwamitin bincike ya tabbatar da abin da na rubuta, korarsa za a yi, a rubuta a fayil ɗinsa cewa sakacinsa ya kusa kashe majinyaci. Da aka kira shi gaban kwamiti ina zaune a wurin. Bai yi fushi ba, bai ko dube ni da zargi ba. Ya ce, "Ranku ya daɗe, ai abin mai sauƙi ne. Gwaggo tana rubuta komai a cikinta, kowane kuka da kowane maɓalli da aka danna, da mintinsa. A kira injiniyan kamfani ya buɗe, ita za ta wanke ni."

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da ita ban san tana yin haka ba. Aka ce injiniya zai zo nan da mako uku, aka ɗaura mata takarda cewa kada kowa ya taɓa, aka kai ta ɗakin ajiya.

A kwana na tara da kai ta na shiga ɗakin da safe neman bututu. Gwaggo tana kan kanta ta biyu, allonta baƙi, wayoyinta a naɗe a wuyanta. Sai na ji ɗis. Na ɗaga kai. Bututun na'urar sanyaya ɗaki da ya ratsa ta saman kantar ya tsage, ruwa yana taruwa a bakin tsagar, ya yi nauyi, ya faɗo daidai kan ramukan da take shan iska ta bayanta. Na tsaya. Wani ɗigon ya taru, ɗis. Matsar da ita taƙi ɗaya ya isa. Ko roba na ɗora a kanta ya isa. Ko in fita in ce wa mai shara ga ruwa yana zuba. Na dubi takardar da ke cewa kada kowa ya taɓa, na ce wa kaina ai doka ce, ni kuwa mai bin doka ne. Na ɗauki bututuna na ja ƙofa.

Kwana goma sha biyu ina wucewa ta bakin ƙofar nan sau biyar, sau shida a rana. Ban sake shiga ba, idan ina buƙatar wani abu sai in aika. Wadda ta yi rayuwarta tana hana mu cika wa mutane ruwa, ita aka bari ruwa yana cika ta ɗigo-ɗigo, ga shi an cire ta daga wuta, ba ta da bakin yin kuka.

Ranar Litinin injiniya ya zo. Aka kira Kawu ya zama shaida, aka kira ni, aka kira Sista Babba. Da aka ɗago ta ruwa ya tsiyayo ta ƙasanta. Injiniya ya kwance murfin, cikin duk ya yi kore da tsatsa. Ya jona wayarsa, ya gwada, ya sake gwadawa, ya girgiza kai. Babu abin da ya rage a cikinta, ko layi ɗaya. Tsakani da Allah, abin da na fara ji sanyi ne a raina, kamar an sauke mini kaya. Wannan sanyin shi ya fi komai ba ni kunya yau.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Shaidarsa ɗaya tak a duniya ce a kwance a gabansa. Ya ciro hankici daga aljihu, ya goge mata allo, ya naɗe wayoyin yadda yake naɗe su kullum. Sannan ya juyo, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Likita, sai haƙuri. Kai ma ka yi rashi, na san yadda kake ji da ita."

Ya yi mini ta'aziyya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sista Babba tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ba ta ga allon ba a ranar, ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba, amma ta ji kuka uku da shiru uku. Da can ƙanena take ce mini idan ba kowa. Tun daga Larabar nan ba ta sake ba, sai Likita.

Don haka nake shaida wa duk wanda ya karanta wannan cewa marigayiya ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ta yi gargaɗi sau uku, sau uku na toshe mata baki. Tambarin Kawu gaskiya ne, lafiyarta ƙalau ranar da ya sa hannu, lafiyarta ƙalau ranar da na cuci telan. Abin da na rubuta a takarda ƙarya ne, na kuma san ƙarya ne tun ina rubutawa. Na ga ruwa yana zuba a kanta na tafi na bar ta, don in ta mutu ni na tsira. Babu wanda ya kama ni, kuma yanzu babu yadda za a yi a kama ni. Na gwada zama a haka kwana biyu, na kasa.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Gobe Alhamis da ƙarfe tara na safe motar masu kwashe tsofaffin kayan aiki za ta ɗauki gawar daga ƙofar baya, kusa da ɗakin wanki. Sista Babba ce za ta jagoranci rakiya. An roƙi a bar mata koren tambarinta, kada a ɓare. Wayar nan 'yar riƙo za a cire ta a ajiye wa Kawu. Ni zan tsaya daga baya, ba na karɓar gaisuwa, wanda ya miƙo mini hannu kada ya ji haushi idan ban karɓa ba.

Da ƙarfe goma kwamiti zai zauna a kan maganar Kawu a ɗakin taro na bene. Na riga na kai musu kwafin wannan sanarwa da sa hannuna da lambar aikina, na manna ɗaya a allon sashe. Duk hukuncin da za a yi masa, a juyo da shi kaina. Daga nan, idan an bar ni na sake taka ɗakin masu jinya, zan je wurin telan da matarsa in gaya musu wanda suke sa wa albarka.

Roƙo ɗaya nake da shi. Kawu yana gida, an cire shi daga zauren saƙonnin ma'aikata tun ranar da aka dakatar da shi, don haka bai ga wannan ba. Don Allah kada kowa ya tura masa, kada kowa ya buga masa waya. Yau da la'asar ni zan je in karanta masa da bakina, a tsaye, daga farko har ƙarshe. Sai dai ina neman wanda zai jira ni a bakin ƙofar asibiti ya nuna mini hanya, domin shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, ban taɓa tambayarsa inda gidansa yake ba.